Charles na Ɗaya: sarkin da aka fille wa kai, littafinsa ya ci gaba da yaƙi

Da safiyar Talata, 30 ga Janairu, 1649, Sarkin Ingila Charles na Ɗaya ya ce wa baransa ya ƙaro masa riga ta biyu. Sanyin hunturu ya yi tsanani a Landan ran nan, kuma ba ya so a gan shi yana makyarkyata a ce tsoro ne ya kama shi. Ya taka da ƙafa daga fadar St James zuwa Whitehall, sojoji na gaba da baya ana buga ganga. Wajen ƙarfe biyu na rana aka fito da shi ta taga zuwa wani dandamali da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle. Hauni, wanda ya rufe fuskarsa, ya sare masa kai da sara ɗaya. Shekarunsa 48.

Waɗanda suka kashe shi sun zaci magana ta ƙare. Amma tun kafin a binne shi wani ɗan ƙaramin littafi ya fara yawo hannu da hannu a birnin, wanda aka ce sarkin ne ya rubuta shi yana tsare. Sunansa da harshen Girka Eikon Basilike, wato "Surar Sarki". Kafin shekara ta zagayo an buga shi sau 35 ko fiye a Ingila kaɗai, ban da fassarar Latin da Faransanci da harshen Holan da sauransu. Mutumin da takobi ya kasa ceta, sai ga shi alƙalami ya wanke shi a idon dubban mutanen da jiya suke la'antarsa.

Wane ne shi?

An haifi Charles a Dunfermline ta ƙasar Sikotlan a 1600. Ba shi aka yi wa tanadin sarauta ba. Wansa Henry ne magaji, sai zazzaɓi ya ɗauke shi a 1612. Charles ya tashi raunanan ƙafafu gare shi, ga i'ina a baki, ga kunya, ga gajarta. Ya hau gadon mahaifinsa James a 1625, a shekarar kuma ya auri Henrietta Maria, ƙanwar Sarkin Faransa, 'yar ɗariƙar Katolika.

Ya gaji aƙida ɗaya daga mahaifinsa wadda ya riƙe har kabari: sarauta daga Allah take kai tsaye, kuma sarki ba ya ba kowa ba'asin mulkinsa sai Wanda ya naɗa shi. Ga Charles wannan ba dabarar siyasa ba ce, rukunin imani ne. Duk abin da ya biyo baya, nagartarsa da sharrinsa, daga wannan saiwa suka tsiro.

Me ya haɗa shi da majalisa?

Kuɗi da addini. Al'adar Ingila ita ce sarki ba ya ɗora sabon haraji sai majalisa ta yarda. Majalisa kuwa ba ta sakin kuɗi sai an saurari kokenta. Bayan shekaru huɗu na ja-in-ja, Charles ya sallami majalisa a 1629, ya yi shekara goma sha ɗaya yana mulki ba tare da ita ba. Don cike gurbin kuɗi sai ya tono tsofaffin dokoki. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne harajin jiragen ruwa, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya a lokacin yaƙi. A 1635 ya shimfiɗa shi kan ƙasar duka, ba yaƙi ba komai. Wani attajirin karkara, John Hampden, ya ƙi biya. Ya faɗi a kotu, amma biyar daga cikin alƙalai goma sha biyu sun goyi bayansa, kuma talakawa suka gane cewa ashe ana iya cewa a'a.

Addini ne ya fi zafi. Charles ɗan Cocin Ingila ne, ba Katolika ba, amma yana son ibada mai ado da tsari: tufafin limamai, durƙuso, teburin ibada da aka kewaye da shinge, da bishop-bishop masu cikakken iko. Babban Bishop na Canterbury, William Laud, wanda ya naɗa a 1633, ya tilasta wannan a kowane coci. 'Yan Furitan, masu neman a tsarkake addini daga duk wani ɓurɓushin Katolika, suka ga wannan hanya ce ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Fafaroma, musamman da yake matar sarki tana ibadar Katolika a fili cikin fada.

A 1637 sarki ya ɗora wa mutanen Sikotlan sabon littafin addu'o'i ba tare da shawartar malamansu ba. Ranar da aka fara karanta shi a cocin St Giles da ke Edinburgh, tarzoma ta ɓarke. Shekara ta gaba suka sa hannu kan wata mubaya'a ta kare addininsu, suka kori bishop-bishop, suka tara runduna. Charles ya tafi yaƙi ba kuɗi, ya sha kashi, dole ya kira majalisa a 1640. Mutanen da ya yi shekara goma sha ɗaya bai saurare su ba suka dawo da dogon lissafi.

Zunubin da bai taɓa yafe wa kansa ba

Wanda majalisa ta fara farauta shi ne Thomas Wentworth, mai sarautar Strafford, hannun daman sarki kuma wakilinsa a Ayalan. Da tuhumar cin amanar ƙasa ta ƙi tsayuwa a shari'a, sai majalisa ta yi doka ta musamman wadda ta ce kawai a kashe shi. Dokar ba ta aiki sai da amincewar sarki. Charles kuwa ya riga ya ba Strafford alkawari a rubuce cewa ba abin da zai taɓa ransa ko mutuncinsa ko dukiyarsa.

Taron jama'a suka kewaye Whitehall suna ihu. Sarki ya ji tsoron abin da zai sami matarsa da 'ya'yansa. Ya amince. Aka sare kan Strafford ranar 12 ga Mayu, 1641.

Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Daga ranar har mutuwarsa, Charles ya ɗauka cewa duk masifar da ta same shi horo ne daga Allah saboda wannan jini. Darasin da ya ɗauka shi ne cewa sassautawa ita ce zunubi: ya bi son mutane, ya saɓa wa zuciyarsa. Saboda haka duk lokacin da aka zo masa da sulhu daga baya, fuskar Strafford yake gani.

Ranar 4 ga Janairu, 1642, ya shiga zauren majalisar wakilai da kansa, da 'yan bindiga a bakin ƙofa, don kama wakilai biyar, ciki har da Hampden da John Pym. An riga an tsegunta musu, sun sulale ta kogi. Kakakin majalisa, William Lenthall, ya durƙusa gabansa cikin ladabi amma ya ƙi faɗin inda suke, ya ce shi bawan majalisa ne. Bayan kwana shida sarki ya bar Landan. Bai sake shigowa ba sai a matsayin fursuna.

Yaƙin, a taƙaice

Ya kafa tutar yaƙi a Nottingham ranar 22 ga Agusta, 1642, ya mai da Oxford hedikwatarsa. Da farko ba a san maci tuwo ba. Sannan majalisa ta ƙulla ƙawance da Sikotlan, ta ci Marston Moor a 1644, ta kuma gina sabuwar runduna mai horo da albashi ƙarƙashin Thomas Fairfax, da Oliver Cromwell a kan mahaya. A Naseby, ranar 14 ga Yuni, 1645, suka tarwatsa rundunar sarki. Masana tarihi na kiyasin cewa yaƙe-yaƙen nan sun ci rayuka kusan 200,000 a Ingila, idan an haɗa da waɗanda cututtuka suka kashe, a ƙasar da jama'arta ba su fi miliyan biyar ba. A Ayalan abin ya fi muni nesa ba kusa ba.

A Naseby ya rasa abin da ya fi sojoji: akwatin wasiƙunsa. Majalisa ta buga su kowa ya karanta. Suka nuna cewa a daidai lokacin da yake zaman sulhu da majalisa, yana neman sojojin Katolika daga Ayalan da sojojin haya daga Turai. Daga nan kalmar sarki ta zama abin da ba a sayen ko gishiri da ita.

Shekarun tsare

A ƙarshen Afrilun 1646 ya fice daga Oxford da dare, an rage masa gashi da gemu, ya yi shigar bara. Ya miƙa kansa ga rundunar Sikotlan kusa da Newark, yana zaton za su fi tausasa masa. Suka kai shi Newcastle, suka yi wata da watanni suna matsa masa ya karɓi tsarin cocinsu, wanda dattawan jama'a ke gudanarwa ba bishop ba. Ya yi muhawara a rubuce da babban malaminsu Alexander Henderson, kuma ko abokan gabansa sun yarda ya san abin da yake faɗa. Da suka ga ba zai lanƙwasu ba, a Janairun 1647 suka damƙa shi ga majalisa, bayan an daidaita za a biya su fam 400,000 na bashin albashi. Magoya bayan sarki suka ce an sayar da shi kamar yadda Yahuza ya yi a labarin Linjila.

A gidan Holdenby majalisa ta hana shi limamansa, ta turo masa nata. Ya ƙi halartar ibadarsu. Ko addu'ar cin abinci shi yake yi da kansa. A watan Yuni wani ƙaramin hafsa, George Joyce, ya zo da mahaya ya ɗauke shi zuwa hannun sojoji, waɗanda a lokacin sun fara saɓani da majalisar da ta kafa su. A Nuwamba ya tsere daga Hampton Court zuwa tsibirin Wight, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin gwamnan tsibirin, Robert Hammond, kulle shi ya yi a ganuwar Carisbrooke. A Maris 1648 ya gwada fita ta taga. Ya auna da kansa ya ga ya shiga, ya ɗauka sauran jiki zai bi. Ya maƙale tsakanin ƙarafa, da ƙyar ya ja jikinsa baya.

A nan ne ya kamata a yi masa adalci ta fuska biyu. Imaninsa na gaskiya ne. Ya yarda cewa tsarin bishop ya samo asali tun daga manzannin Almasihu, kuma ya yi rantsuwar kare cocin ranar naɗinsa. Da ya yarda a rushe tsarin har abada, da wuya a ce bai koma gadonsa ba, ko da da ragaggen iko. Matarsa ma, daga Faransa, ta riƙa rubuto masa cewa ya saki bishop-bishop ya tsira da sarauta, don ita a wurinta duk bidi'a ɗaya ce. Ya ƙi.

Amma wannan mai tsoron Allah shi ne kuma mai baki biyu. A Disambar 1647, yana tsare, ya ƙulla yarjejeniyar asiri da wani ɓangare na Sikotlan cewa su shigo Ingila da yaƙi su mayar da shi, shi kuma ya kafa tsarin cocinsu na shekara uku. Wannan ya haifar da yaƙin basasa na biyu a 1648, wanda Cromwell ya murƙushe a Preston. A zaman sulhun Newport na ƙarshen shekarar ya yi rangwame mai yawa, har da sakin ikon soja na shekara ashirin, amma ya rubuta wa wani amininsa cewa duk don ya sami hanyar tserewa ne. A ganinsa ba ƙarya yake yi ba: alkawarin da aka karɓa daga sarki da ƙarfi ba alkawari ba ne, 'yan tawaye kuma ba su cancanci gaskiya ba. Aƙidar da ta hana shi sayar da cocinsa ita ce ta halatta masa yaudarar talakawansa.

Sojojin da suka binne abokansu karo na biyu suka riƙa kiransa mai jini a hannu, laƙabin da suka ɗauko daga Tsohon Alkawari. Ranar 6 ga Disamba Kanar Thomas Pride ya tsaya a ƙofar majalisa da jerin sunaye, ya hana masu son sulhu shiga. Ragowar da suka saura su ne suka kafa kotu.

Yadda ya kare kansa

Abin lura shi ne ba a tuɓe shi a takarda ba kafin shari'ar. An ƙwace masa iko da 'yanci, amma takardar tuhuma ta kira shi Charles Stuart, Sarkin Ingila. Abin da ya sa shari'ar ta zama sabon abu ke nan. An sha kashe sarakunan Ingila a ɓoye bayan an tuɓe su. Wannan ne karon farko da aka gurfanar da mai ci a bainar jama'a da sunan talakawansa.

An sanya sunayen mutum 135 a matsayin alƙalai, amma wajen rabinsu ba su zo ba. Majalisar iyayen ƙasa ta ƙi amincewa, manyan alƙalan ƙasar suka zame, shi ya sa wani lauya da ba a san shi sosai ba, John Bradshaw, ya shugabanci zaman. Fairfax kansa bai zo ba. Da aka kira sunansa, matarsa ce ta ɗaga murya daga saman bene ta ce yana da hankalin da ba zai zo nan ba.

An fara ranar 20 ga Janairu, 1649, a zauren Westminster. Charles ya shigo ya zauna bai cire hularsa ba, alamar bai san da kotu ba. Mai gabatar da ƙara, John Cook, ya tuhume shi da zalunci da cin amanar ƙasa da kisan kai. Sarki ya taɓa shi da sanda don ya dakata, kan sandar na azurfa ya faɗi ƙasa. Ya jira a ɗauko masa, ba wanda ya motsa, ya sunkuya ya ɗauka da kansa.

Kariyarsa tambaya ɗaya ce: da wane halastaccen iko kuka kawo ni nan? Ya ce ya san akwai iko iri-iri a duniya, har ɓarayi da 'yan fashi suna da nasu, amma shi halastacce yake tambaya. Bai amsa laifi ba, bai musa ba, domin yin ɗaya daga ciki amincewa ne da kotun. Ya nuna cewa wannan ba majalisa ba ce, guntun majalisa ne da sojoji suka tace. Ba a tambayi talakawan da ake magana da sunansu ba. Kuma babu dokar Ingila da ta tanadi irin wannan kotu. Sannan ya juya maganar da gwaninta: idan ƙarfi marar doka zai iya yi wa sarki haka, wane talaka ne zai kwana da tabbacin ransa da gonarsa? Mutumin da ya ɗora haraji ba da izinin majalisa ba, yau shi ne lauyan 'yancin talaka. Waɗanda suka halarta sun lura cewa i'inarsa ta ɗauke a kwanakin nan.

Ta fuskar dokar da ke ƙasa a lokacin, yana da gaskiya, kuma Bradshaw bai iya ba shi amsa mai gamsarwa ba sai dai ya katse shi. Amma hujjar kotun ita ma ba ta wasa ba ce. Ta ce sarauta amana ce, sarki ma'aikaci ne da aka ba iko mai iyaka don amfanin jama'a, wanda ya ɗaga takobi a kan masu amanar kuwa ya warware ta da hannunsa. Shirun Charles kan tuhumar ya cece shi daga abu ɗaya: bai taɓa ba da amsa kan wasiƙun Naseby ko yaƙin 1648 ba.

Ranar 27 aka yanke hukunci. Ya nemi yin magana, aka ce ai bai yarda da kotun ba, aka fitar da shi. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa, Cromwell na uku. (Wanda ya ga takardar zai ga an rubuta 1648, domin a lokacin sabuwar shekarar Ingila sai 25 ga Maris take kamawa.)

Ranar 29 aka kawo masa 'ya'yansa biyu da ke hannun majalisa, Elizabeth mai shekara 13 da Henry mai 8. Ya ɗora yaron a cinya ya gargaɗe shi kada ya yarda a naɗa shi sarki muddin yayyensa na raye. Elizabeth ta rasu shekarar da ta biyo baya a Carisbrooke, kurkukun da mahaifinta ya zauna.

Da safiyar kisan, Bishop William Juxon ya karanta masa babi na 27 na Linjilar Matiyu, labarin shari'ar Almasihu da gicciye shi kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Sarki ya zaci bishop ɗin ne ya zaɓo masa, sai aka ce masa ai karatun ranar ke nan a jadawalin coci. Ya ɗauki wannan a matsayin ishara. A kan dandamali sojoji sun nesanta jama'a, don haka da na kusa da shi ya yi magana, masu rubutu na ɗauka. Ya ce ba shi ya fara yaƙin ba. Ya yafe wa maƙiyansa. Ya ce hukuncin zalunci da ya bari aka zartar a kan wani shi ake rama masa yau, kowa kuma ya san Strafford yake nufi. Ya ce 'yancin talakawa shi ne a mulke su da doka, ba su sa hannu cikin mulki ba. Ko a bakin gatari bai janye ko taƙi ɗaya ba. Bayan saran, mutane suka riƙa tsoma ƙyallaye cikin jinin, daga baya aka yi ta ba da labarin cewa suna warkar da cuta. An binne shi a Windsor kusa da Henry na Takwas, gwamnan wurin ya hana a karanta masa addu'ar jana'iza daga littafin da ya mutu yana karewa.

Me ke cikin littafin?

Kafin a karanta kalma ɗaya, hoton farko ya gama aiki. Mai zane William Marshall ya nuna sarki a durƙushe cikin ɗakin ibada, kambin duniya yashe a ƙafarsa, kambin ƙaya a hannunsa, idonsa na kallon wani kambi a sama. A gefe ga dutse tsaye cikin teku mai hauka, ga bishiyar dabino da aka rataya wa nauyi amma tana ƙara miƙewa. Wanda bai iya karatu ba ma ya fahimci saƙon.

Babi 28 ne. Kowane babi yana ɗaukar wani lamari na rikicin, kamar mutuwar Strafford, shiga majalisa, tawayen Ayalan, wasiƙun da aka kama, hana shi limamai, sai sarki ya faɗi abin da ke zuciyarsa lokacin da abin ya faru. Sannan babin ya rufe da addu'a mai salon Zabura, har mai karatu ya riƙa jin muryar Annabi Dawuda cikin ƙunci. Kusa da ƙarshe akwai wasiyya ga ɗansa magaji, cewa ya riƙe coci, kada kuma ya ɗauki fansa.

Dabarar littafin ita ce ya ɗauke shari'ar daga abin da sarki ya aikata ya mai da ita kan abin da ya nufa. Ana iya kawo shaidu kan aiki. Niyya kuwa wa zai shiga zuciya ya ƙaryata? Ba ya zagi, ba ya cika ambaton sunan maƙiyi, yana yi musu addu'ar gafara. Yana amsa cewa shi mai zunubi ne a gaban Allah, amma idan aka zo ga mutane, laifin da ya fi kuka a kai shi ne wanda ya yi na biye musu. Labarin kuma daga 1640 ya fara, shekaru goma sha ɗaya na mulki ba majalisa an wuce su kamar ba a yi ba. Mutanen da ba su taɓa jin muryar sarkinsu ba sai a takardar haraji, yau ga shi yana kuka a tafin hannunsu, domin har bugu ƙanana aka yi da ake ɓoyewa a aljihu.

Sabuwar gwamnati ta kama wani mai ɗab'i, William Dugard, ta tsoratar da mai buga littafin, Richard Royston, amma abin ya riga ya fi ƙarfinta. Sai ta sa sakatarenta na harsunan waje, mawaƙi John Milton, ya mai da martani. A Oktoban 1649 ya fitar da Eikonoklastes, wato "Mai Farfasa Sura", yana bin littafin babi-babi. Ya kama babban kifi guda: ɗaya daga addu'o'in da aka ƙara a wasu bugu, aka ce sarki ya yi ta a tsare, an kwafo ta ne kusan kalma da kalma daga littafin ƙagaggen labari na Philip Sidney mai suna Arcadia, inda wata budurwa da ba Kirista ba take yin ta. Amma Milton ya yi kuskuren zagin masu karatu, yana kiransu jahilai masu bautar hoto. Littafinsa bugu biyu ya yi a Ingilishi a zamaninsa. Ba a cin gardama da mai kuka a gidan makoki.

To, wa ya rubuta shi?

Bayan an mayar da sarauta a 1660, ɗan marigayin ya hau a matsayin Charles na Biyu, wani limami mai suna John Gauden ya sami bishop na Exeter. Bai gamsu ba, ya ce wurin ba shi da maiƙo. Ya riƙa rubuta wa babban waziri, Edward Hyde mai sarautar Clarendon, cewa shi ne ya rubuta littafin nan dukansa, don haka ya cancanci fiye da haka. Clarendon bai ƙaryata shi ba. Ya amsa cewa ya san sirrin, ya so a ce bai sani ba, kuma ranar da ya fito fili ba wanda zai yi murna sai Milton. A 1662 aka ɗaga Gauden zuwa Worcester, ya mutu cikin 'yan watanni.

Maganar ta fito fili wajen 1690, aka yi ta gardama shekara da shekaru. Abin da yawancin masana suka tsaya a kai, musamman bayan binciken Francis Madan na 1950, shi ne aikin hannu biyu ne: sarki ya yi rubuce-rubucen farko, Gauden ya tsara su ya sa musu wannan murya mai taushi, aka kai wa sarki a tsibirin Wight ya duba ya gyara. Tunanin na Charles ne, gishirin na Gauden.

Alkawarin yafiya da ke cikin wasiyyar bai kai ga kowa ba. A Oktoban 1660 aka kashe mutum goma masu hannu a lamarin, ciki har da John Cook, kisa na wulaƙanci. Ranar 30 ga Janairu, 1661, aka rataye gawar Cromwell da ta Bradshaw da aka tono daga kabari. Aka ƙona littattafan Milton, shi kansa ya sha da ƙyar. Cocin Ingila ta sa Charles cikin jerin shahidanta, aka mai da 30 ga Janairu ranar azumi da addu'a ta ƙasa, haka aka yi ta yi har 1859 lokacin Sarauniya Victoria, da aka cire ibadar daga littafin addu'o'i. Har yau akwai wata ƙungiya da aka kafa a 1894 da ke taruwa kowace shekara don tunawa da shi a matsayin shahidi.

Majalisa ita ma tana da nata tunin. Duk ranar da sarki ya zo buɗe zama, kamar yadda Charles na Uku yake yi yanzu, a zauren iyayen ƙasa yake tsayawa ya aiki manzo ya kira wakilai. Da manzon ya iso, sai a bugo masa ƙofa a fuska. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe.